Jiƙaƙƙen Hannu a Garwar Iya

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da nake aji huɗu, wadda ta faɗo a tsakiyar damina, ragon kakata Iya ya ƙi mutuwa cikin mutunci. Maza uku suka kayar da shi a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, a wani ƙauye da ke gab da garin Babban Mutum. Babana ya wasa wuƙa har tana aske gashin hannu, amma kafin ya sunkuya rago ya fizge ƙafa, ya miƙe, ya ja da baya, ya ɗauki ƙanin babana, Baffa Sule, da ka. Ni dai na ga ƙasan takalman Baffa a sama, kuma har gobe ina rantsuwa sai da ya leƙa gidan maƙwabta ta kan katanga kafin ya sauko a cikin kwatami. Da aka sake kama ragon, Baffa da kansa ya zauna masa a wuya yana haki. Jini ya yi tsartuwa har jikin rumbu, mu yara muna ta tsalle kamar mu muka ci yaƙin.

Naman wannan rago ba irin wanda ake cinyewa da zafinsa ba ne. Bayan an fitar da na sadaka da na dangi, Iya takan kwana biyu a bakin murhu tana suya. Tana soya shi a kitsensa da man gyaɗa har sai duk wani ɗigon ruwa ya ƙone, tsoka ta yi baƙi ta yi tauri, in ka jefi kare da ita sai ya yi kuka kafin ya gane arziki ne. Daga nan ta jera shi a wata garwa, ta kwarara mai ya rufe shi ruf, ta ɗaure bakin da tsumma, ta tura ƙarƙashin gadonta na ƙarfe. Burinta a kowace shekara shi ne naman ya kai ranar cika-ciki, wata guda bayan Sallah, a dafa shi da jelar ragon, kowa ya ci har ya kasa tashi. Doka ɗaya ce tak a kan garwar: ba a taɓa naman sai da busasshen cokali da take ratayewa a jikin bango. Takan ce, "Ruwa da naman nan, ko a mafarki kada su gaisa." Mu kuwa mun ɗauka irin surutun tsofaffi ne.

A makaranta akwai Malam Haruna mai duba tsafta, mutum ne da na tabbata da tsumagiya aka haife shi a hannu. Kowace safiya sai mu jeru mu miƙa hannuwa, ya bi yana dubawa. Wanda ya ga baƙi a farcensa, sai ya sa shi ya haɗe yatsu biyar ya sauke musu gefen rula, har ka ji zafin a haƙoranka. Wa'azinsa bai wuce ɗaya ba: "Duk wanda ya taɓa abinci bai wanke hannu ba, ya ci da ƙazantar jaki." Sau biyu ya fasa mini babban yatsa. Saboda haka na fito ɗalibi na gari ta wannan fanni, ko gyaɗa zan ɗauka sai na je randa.

To, kwana shida bayan Sallah, na dawo daga yankan ciyawar awaki, kowa yana gona ana maimai, Iya ta tafi barkar haihuwa. Ƙamshin garwa ya kira ni da sunana. Na tsaya a ƙofar ɗakin na duba hannuna, duk taɓo da kashin awaki. Sai na ce a raina, sata daban, ƙazanta daban. Na je randa na wanke hannu tas har gwiwar hannu, yadda Malam Haruna zai yi alfahari da ni, na shiga ƙarƙashin gado ruwa na ɗiga, na zura shi cikin mai har wuyan hannu. Cokalin yana rataye yana kallona, amma shi ƙara yake yi in ya taɓa garwa. Haka na mayar da abin sana'a, yau tsoka biyu, jibi uku, kuma ban taɓa fashin wanke hannu ba. Ɓarawo mai tsafta irina ba a yi shi ba a duk ƙasar Daura.

Da aka shiga mako na uku sai na ga man ya fara kumfa-kumfa, naman sama ya yi laushi da yauƙi, wani fari-fari kamar audugar rimi ya fito a gefe, ƙamshin kuma ya koma wani abu mai tsami. Wata ranar kasuwa da hantsi ina cikin laluben na ƙasa masu tauri, sai na ji numfashi a bayana. Ƙanwata Hansai ce, 'yar shekara biyar, da duwatsun carafkenta a hannu. Ta ce, "Yaya, ko ka sam mini ko in faɗa wa Iya." Nan na yi abin da har yau in na tuna dariyata takan tsaya. Na riƙe masu kyau, na zaɓo mata uku daga na sama, na goge farin a jikin rigata, na ce ai waɗannan su ne masu laushi, na manya. Ta cinye tana lashe yatsu.

Da azahar Baba ya dawo daga kasuwa da tsinken tsire guda, ya ba ta, don ita ce 'yar lelensa. Kafin la'asar Hansai ta fara amai da gudawa. Kan ka ce me, idanunta sun faɗa ciki, wuyanta ya saki, in aka ɗaga hannunta sai ya koma ƙasa kamar tsumma. Innarmu tana kuka, Iya tana ɗura mata jiƙo tana cewa tsinke ɗaya ne, zai fita, a ba ta zuwa anjima. Aka tambayi me ta ci, kowa ya ce tsire. Ni ma na ce tsire, da ƙarfi ma, har na fi kowa.

Baffa Sule, wanda dama tun ranar rago yake neman wanda zai huce a kansa, ya sungumi gora ya nufi kasuwa, na bi shi a baya. Ɗanliti mai tsire yana tsugune yana gyara wuta, bai ma ɗago ba gora ta sauka a kafaɗarsa. Baffa ya sa ƙafa ya rushe tukubar, tsinkaye suka watse cikin taɓo, garwashi ya tashi sama, karnukan kasuwa suka yi Sallarsu ta biyu. Ɗanliti ya miƙe ya rarumi itace, suka sarƙe, suka faɗa kan tiren mai goro. Mahauta suka taso da wuƙaƙe a ƙugu, mutanen unguwarmu suka taso da sanduna, saura ƙiris kasuwa ta zama filin daga. Da aka ɓamɓare su, girar Ɗanliti ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, yana cewa, "Sule, rabin kasuwar nan sun ci naman nan yau. Nuna mini mutum ɗaya da ya kwanta."

Wannan magana ita ta kore ni gida a guje. Na tarar Hansai ta daina ko kuka, leɓenta ya bushe ya yi fari. Na durƙusa gaban Iya, wadda kullum take kirana maigidanta tana tsokanata da rowa, na ce, "Iya, ba tsire ba ne. Garwarki ce." Ta shiga ta jawo garwar tsakar gida ta kwance tsumma. Warin da ya fito, kaji ma sai da suka canja unguwa. Ta tona da cokali, ta dube ni ta ce, "Da me ka ɗiba?" Na ce da hannu, amma wallahi kullum sai na wanke. Ban ga tashin muciya ba, saukarta kawai na ji a tsakiyar baya. Sai dai ɗaya ta yi ta yar, ta juya ga Baba ta ce, "Zubar da jiƙon nan. Wannan ba na gida ba ne. Ɗauke ta ku kama motar kasuwa kafin ta tashi, sai asibitin Daura."

Suna fita Baffa ya shigo da yagaggiyar riga, aka faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi gorar hannunsa mai jinin bawan Allah, sai ya ajiye ta ya karyo reshen darbejiya. Ya dake ni na rago, ya dake ni na Ɗanliti, ya dake ni na abin da zan yi nan gaba. Na zaga rumbu ya fi sau ɗari, na haye katanga ya jawo ni ta ƙafa. Ban ji haushi ba. Duk bulalar da ta sauka, gani nake kamar ana rage wa Hansai ciwo. Da ya gaji, Iya ta miƙo mini fartanya ta sa na haƙa rami a bayan gida, na binne naman wata guda da hannuna, har da jelar, tana tsaye tana share ido da gefen zane.

Kwana uku ina kwanciya rub da ciki, ina zaman jiran mota a bakin hanya. Ran na huɗu Baba ya sauko da Hansai a kafaɗa, ta rame kamar sillen kara, da tabon ƙarin ruwa a hannu. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Tana ganina ta ce, "Yaya, ni fa ban faɗa ba." Washegari Baba ya tasa mu gaba ni da Baffa zuwa wurin Ɗanliti. Baffa ya ba da haƙuri kansa a ƙasa, ni kuma na kwaɓa ƙasa na gina sabuwar tukuba. Cika-cikin shekarar da miyar kuka tsura muka yi shi, kuma duk wanda ya kai loma sai ya harare ni.

Yanzu ina da firiza a gidana a Daura, ƙato, mutum zai iya kwana a ciki. Bara aka ɗauke wuta kwana uku, rabin rago ya lalace, muka zuba a buhu aka kai juji. Ba a daki kowa ba, ba wanda ya yi hawaye, yarana ko ɗago kai daga waya ba su yi ba. Na kira Hansai, wadda yanzu take da jikoki, na ba ta labari, muka yi dariya. A duk zuriyarmu ba sauran mai iya tsayuwa kwana biyu a bakin murhu don nama ya ga wata mai zuwa. Bayana ya huta da bulala, amma gidan ya yi sanyi da yawa.