Turkuɗi a Ƙarƙashin Taya

A gidanmu na Gwammaja, da an sauke tukunyar tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhu kafin garwashi ya mutu. Kakarmu, Iya Falmata, Babarbariya ce, gajeriya, ga faɗa kamar me. Ba ta yi mana Gizo da Ƙoƙi, wai wannan na ragwaye ne. Labarinta guda ɗaya ne, ni kuwa na tsane shi.

"Ku matso, ga ta nan," za ta ce, tana tura itace da ƙafa. "Wani Alhaji ne ya ɗauki turkuɗi zai kai wa Buzaye can cikin sahara."

Turkuɗi shi ne baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗa rawani da shi. Motar Alhajin jif ce, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, ɗansa na fari kuma shi ne direba. Sun wuce Agadas da kwana biyu sai motar ta kafe a rairayi mai laushi.

Ɗan ya san aikinsa. Ya sace iskar tayoyin, ya haƙe gabansu da shebur, ya shimfiɗa tabarmarsu guda ɗaya, taya ta yayyage ta. Sai ya ce, "Baba, mu kwance dila biyu mu shimfiɗa, yanzu za ta fita."

A nan Iya kan ƙanƙance ido ta kwaikwayi muryar uban. "Kayan da aka yi wata uku ana rini ana bugu, shi za ka taka da taya? Taka totur kawai!"

Ya taka, don ba a musu da uba. Motar ta nutse har cikinta. Kwana biyu yana haƙa cikin rana, rairayi na komawa ramin, ruwan da ya rage kuma yana miƙa wa tsohon. A rana ta uku Alhaji da hannunsa ya kwance dilar ya shimfiɗa. Kafin a idar da raka'a biyu motar ta fita. Ɗan ya ja ta har bakin wata rijiya, a can ƙishirwa ta ci ƙarfin ɗan, rai ya yi halinsa. Aka nemi farin yadi aka rasa, da turkuɗin aka yi masa likkafani.

"Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho," in ji Iya. "Ku tashi ku wanke hannu."

Na girma ina zaton darasin shi ne dukiya ba ta kai rai ba. Sai ranar sadakar bakwai ɗin Iya, gwaggona ta gaya mini cewa direban nan yayansu ne, ɗan Iya na fari, Alhajin kuma kakana ne, mijinta, tsoho mai shiru-shiru da ke ba mu dabino. Na daɗe ina jin haushin Iya, yanzu tausayinsu duka biyun ya fi yawa a raina. Ashe ba mu take ba wa labarin ba. Ɗakinsa bango ɗaya ne da murhun, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ta yi shiru ba.