Farar Ƙwayar da Na Ba Gado

Aikin kemis wahala ce, duk wanda ya ce muku zaman inuwa ne bai yi shi ba. Shekara tara na yi a wani shagon magani a Wara, amma ranar Gado masunci ce ta ƙi fita raina. Daminar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ce.

Lokacin a manyan gwangwanaye ƙwayoyi ke zuwa, mu ɗiba mu ƙulle a takarda. Ni a aji uku na tsaya, rubutun jikin gwangwani bai dame ni ba. Masunta ma ba ruwansu da suna. Fara kawai suke cewa a ba su, su afa da ruwan tafki su shiga jirgi, ciki wayam. Farasitamol fara, asfirin fara. Wadda hannuna ya taɓa ita nake bayarwa.

Gado kafaɗa ke damunsa saboda jan taru. Kwana huɗu ina ba shi asfirin. Na biyar da hantsi aka kwaso shi daga bakin ruwa yana aman jini. Na bi su asibiti.

Malam Yohanna, malamin asibitin, ya tambayi matar Gado abin da ya sha. Ta kwance bakin zane ta miƙa ƙullin. Ya duba ƙwayar, ya ga asfirin ce, ya juyo wajena.

"Kai ka ba shi? Ka tambaya ko yana da gyambon ciki?"

Na ce ai fara ya nema.

"Gishiri ma fari ne, Malam Sani. Zuba shi a kokonka."

Sai da aka sa Gado a mota zuwa babban asibitin Yelwa sannan Malam Yohanna ya zaunar da ni. Ya ce asfirin da ibufurofen suna sauke kumburi da ciwon gaɓɓai, amma suna cin ciki, ba a shan su da yunwa, mai gyambo kuwa ko kusa. Asfirin har jini take tsinkawa, kuma ba ta yara ba ce. Farasitamol ba ta taɓa ciki, sai dai in an zarce ƙima hanta take ci. Da la'asar direban ya dawo ya ce jinin ya tsaya.

Washegari na raba gwangwanayen, na shafa wa na asfirin jan fenti. Wanda ya fara zuwa masunci ne, yana sauri. Na tambaye shi ko ya karya, ko cikinsa na zafi. Ya ce shi ba asibiti ya zo ba. Na ce ya je ya sha kunu tukuna, in ba haka ba babu abin da zai fita daga shagon nan. Ya tafi yana zagina, ya dawo yana goge baki.