Jinadasa Baas, wanda ya dawo wa motar Wappa da muryarta

Kafin shagunan garin Galle su buɗe, Jinadasa Baas ya riga ya share garejinsa, ya kunna 'yar fitilar man kwakwa gaban gunkin Buddha da ke saman akwatin sifanu, ya zauna da shayinsa tsagwaro yana gutsurar mazarƙwaila. Ba ya taɓa mota sai ya ji kukanta tukuna. Zai ce ka tayar, ya kafa kan sukudireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Idan ka yi magana a lokacin nan, ka sha harara. Haka muka taso muka gan shi, ga shi yanzu ƙarshen watan nan zai rufe garejin, hannu ya fara rawa, 'ya'yansa kuma duk suna Koriya. Ni dai tun da na ji labarin zuciyata ba ta yi daɗi ba.

Masu keke mai ƙafa uku za su ba ka labarin yadda yake gyara musu cikin ruwan sama. Masu kamun kifi za su ce ko injin kwalekwale ba ya gagararsa. Nawa labarin na motar mahaifinmu ne, wanda muke kira Wappa.

Tsohuwar Moris ce baƙa, ta girme ni. Idan Wappa ya gangaro daga tudun masallaci ya sauke giya a kwanar gidanmu, salansarta kan saki wani sauti, burrrp, kamar tsohon da ya ƙoshi. Yaran unguwa har kwaikwayonta suke. Umma kuwa da ta ji sai ta miƙe ta ɗora butar shayi, ko yana kawo ƙofa ruwa ya tafasa.

Da Wappa ya rasu, motar ta zauna ƙarƙashin mangwaro, lasisinta ya mutu. Umma ta gama takaba amma ba ta bar zama a baranda da la'asar ba, fuska tana kallon kwana. Ba ta taɓa neman komai a wurina ba, sai rannan ta ce, “Rizmi, da zan sake jin motar nan ta gangaro ko sau ɗaya.”

To, ai ba a sabunta lasisi sai mota ta ci gwajin hayaƙi. Tamu kuwa hayaƙi take kamar ana bandar kifi. Mai gwajin da ya zura waya a bututunta sai ya ja da baya yana tari. Wasu suka ba ni shawara a shaƙe kafireta ranar gwaji, in an fito a buɗe, kowa haka yake yi. Da na kai wa Baas maganar, kallon da ya yi mini ya isa. Ya ce hayaƙin da za mu ɓoye wa na'ura jikokin Umma ne za su shaƙa, injin ya gama aikinsa, sai dai a sa mata na Japan.

Yana da wata al'ada. Ba ya cire tsohon inji sai mai shi ya zauna an tayar masa na ƙarshe, an sha shayi, an yi sallama. Umma ta ƙi zuwa. Ni na zauna, na sha nawa da ƙyar.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Sabon inji, sabuwar salansa, mota ta ci gwaji ba gardama, aka manna lasisi a gilashi. Na ɗauko Baas muka gangaro tudun masallaci ina ta murna, na sauke giya a kwana. Shiru, sumul kamar keken ɗinki. Umma tana baranda tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai da muka tsaya gabanta ta ce, “Au, ku ne? Na ɗauka baƙin maƙwabta ne.” Ta yi wa Baas godiya sosai, ta koma kan shinkafarta.

Na ce a raina ai an yi iya yi. Baas ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli.

Kai ne, Baas, ka koma bayan gareji ka tono tsohuwar salansar daga cikin tarin ƙarafa, duk ta rube, ka tsaga ta ka ga yadda cikinta yake. Kai ne ka lanƙwasa sabon bututu da hannun nan mai rawa, ka yi walda, ka gangara tudun bayan kasuwa, ka dawo ka yanke, ka sake. Mai shayin kusa da kai ya rantse mini har mutane sun fara cewa tsufa ya taɓa ka. Ba wanda ya sa ka, ba kuma wanda zai ga laifinka da ka bari.

Da ya gamsu, sai ya ce a koma gwaji, tun da bututun da aka auna ba shi ne a jikinta yanzu ba. Mai gwajin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Baas, duk Galle kai kaɗai ke kawo wadda ta ci jarrabawa ta sake zama.” Baas ya ce ya zura wayarsa ya rage surutu. In ta faɗi, dole a mayar da salansar nan marar murya. Ta ci.

Da la'asar muka gangaro. Wannan karon shi ya tuƙa, ya ce ƙafata ba ta san yadda Wappa ke sakin totur ba. A kwana ya sauke giya. Burrrp.

Daga nesa na hango Umma ta miƙe, faifan shinkafa ya zame daga cinyarta, ta shige madafa ba ta waiwaya ba. Muna shiga ta fito da shayi a kofin Wappa, mai tsagin nan a baki, wanda ba mai taɓa shi. A bakin ƙofa ta tsaya cak, ta dubi kofin, ta dube mu. Sai a lokacin ta tuna mai kofin ya rasu. Na kawar da kai, hawaye ya ci ƙarfina.

Baas ya cire hularsa ya ce wa Umma, “Nona, uwargida, ki yi haƙuri, muryar kawai na iya dawo da ita.”

Ta miƙa masa kofin da hannu biyu, ta ce, “Sha, kar ya huce.”

Mun gode, Baas, mai kunnen da ba ya mantuwa. Allah ya ba ka lafiya, ya dawo maka da 'ya'yanka kusa. Ku kuma matasan kanikawa masu na'ura a hannu, ku je ku zauna da shi kafin ƙarshen wata, ku koyi tambayar mai mota abin da yake jira ya ji. Ni kam kullum da la'asar sai na sauke giya a kwanar nan, ko ba dalili, kuma ina isa ƙofa ruwa ya tafasa.