Jagoran da ba ya buɗe baki sai an cika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, ina wanke mota bayan la'asar aka kira ni, aka ce Allah ya karɓi ranka. Na daɗe a tsaye da soso a hannu, ruwa yana zuba a ƙafata.

Shekara da shekaru ina tuƙa motar masu yawon buɗe ido, kai kana yi musu jagora. Ni na san hanya, kai ka san labari: tsohon otal mai katafariyar ƙofar katako, ɗakin bautar mutanen da, sai lambun kan tudu mai dogayen matakala. Sunanka na yanka ya ɓace a bakinmu, Sai-Mun-Cika kowa ke kiranka, domin ba ka fara bayani sai na ƙarshe ya iso. Matasa su haye su yi ta ɗaukar hoto har su gaji, kai kana can ƙasa da wata tsohuwa, jakarta a kafaɗarka. Wani makaho ya taɓa zuwa, ka ɗora hannunsa a kan sassaƙen ƙofar otal ɗin, kuka bi zanen da yatsa har ya ce ya gani.

Ni kuwa ka san gajen haƙurina. Nakan danna oda in leƙo ta taga: "Yaya, rana fa tana yi!" Sai ka yi murmushi ka ce, "Ƙanena, lambun nan ya girmi kakanka, ba inda za shi." Haushi nake ji a lokacin. Yau ina neman wanda zai faɗa min haka, babu.

Da na je gaisuwa, mai ɗakinka Hajiya ta gaya min abin da ban sani ba: ba ta taɓa ganin lambun ba sai a bakinka. Ciwon gwiwa ya hana ta. Ta ce, "Ya yi min alkawarin in furanni sun buɗe zai hau da ni. Yanzu wa zai tsaya jirana?"

Maganar nan ta ƙona min rai, Yaya, kuma na ɗauki alkawarin. In ta fita takaba, kujerar gaba tata ce. Zan kashe mota in sauko, in rataya jakarta, mu hau a hankali ko da za mu wuni. Na riga na gaya wa sabon jagora: ba wanda zai buɗe baki sai ta iso. In mai kamfanin da nake wa tuƙi ya ga mun ɓata lokaci, ya nemi wani direban.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya da 'ya'yanka da dukkan dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Yadda ba ka taɓa barin kowa a ƙasan matakala ba, Allah kada ya bar ka a baya ranar shiga Aljanna. Amin.