Injin Huda Ƙarfe da Na Kawo Waca

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma ni ne babba a wajen babanmu. Kowa a Waca ya san uwar maƙerar gidanmu, dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a buga, ni zan gaje ta. Sai wata shekara, lokacin Faransa na nan daram a ƙasar, tsohon ya kira mu ni da ƙanena ya ce idonsa ya fara hazo, da kaka zai miƙa ta ga ɗayanmu. Ɗayanmu! Na ce a raina sai na yi abin da zai rufe bakin kowa.

A Magariya na ga abin, ranar da na kai wuƙaƙe kasuwa. Yana yashe bayan kantin wani Bature mai sayen gyaɗa: baƙin ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙirjina, da ƙatuwar ƙafa irin ta amalanke a bisa kai, da hannun juyawa a gefe. Tsatsa ta ci shi, maigadin kantin ma ya ɗaure akuyarsa a jiki. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ke shan inuwa ya ce mini injin huda ƙarfe ne. Na ce da wace wuta? Ya ce ba wuta, a sanyinsa. Na ce ƙarya yake yi, ya rantse mini. Mu tun kakanni sai ƙarfe ya yi jajur ake ɗora madoshi a buga, sannan ya huje.

Maigadin ya ce Bature ya daɗe da jefar da shi, damuwarsa ɗaya ce, inda zai ɗaure akuya. Na sara masa turke, na ƙara masa da wuƙa biyu. Takarkarin maƙwabcinmu ya jawo abin, kwana biyu muna hanya. Tun daga ranar, takarkarin nan in ya hango ni sai ya juya baya.

Baba ya zo ya shafa shi sama da ƙasa.

"Wannan me yake ci?"

"Ba ya cin komai, Baba."

"To me yake yi?"

"Huda."

Ya ce, "Uhm," ya koma tabarmarsa.

Na kafa shi a rumfar bayan ɗakina. Tsatsar nan da ruwan tsamiya na jiƙa ta, na bi da yashi da toka. Tsamiyar kuwa ta matata ce. Wata guda ba a dama kunun tsamiya a gidan ba, kullum da safe ta leƙo ta ce, "Maigida, baƙon naka ya ƙoshi, ko a ƙaro masa?" Da haƙoran cikinsa suka fito fes na bulbula musu man gyaɗa, ai shi muke da shi. Kashegari tururuwar Waca kaf ta hallara. Awaki suka biyo baya suna lasa. Sai da na kewaye shi da ƙaya kamar gonar rogo.

Can na ga hannun juyawar ya tsage. Na yi dariya, na ce yau an zo gidana. Na cire shi na sa a wuta, na zuga har ya yi ja, na ɗora a uwar maƙera, na ɗaga masaba na sauke. Wayyo! Ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Na tsaya riƙe da awartaki, ba komai a bakinsa. Ashe ƙarfen zubi ne, narka shi aka yi aka zuba, ba ya jin bugu. Wa ya taɓa gaya mini akwai ƙarfen da ba a ƙerawa? Baba daga tabarmarsa, ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Wa ya fasa tukunya?"

Na ƙera sabon hannu da tsohon gatari. Ana cikin haka ruwa ya sauka. Manoma suka yi ta zuwa da hauya da sungumi, wasu tun daga ƙauyukan Guci. Duk wanda ya yi sallama sai in ce ya je wajen ƙanena, ina da babban aiki. Shi kuma bawan Allah ba ya musu. Sau ɗaya ya zo ya ce, "Yaya, ko za ka kama mini zuga? Mutane sun yi yawa." Na ce ya bar ni, in na gama zai gane. Ina jin kunyar maganar nan har yau.

Saura bakin da zai ci ƙarfen, don injin ba shi da shi. Da tsohon magagari na ƙera, na murɗe shi yadda direban ya kwatanta mini da yatsa. Uku suka karye, na huɗu ya zauna.

Da aka ɗaure gero na sa aka gaya wa unguwa. Mutane suka cika rumfa, har da liman. Aka kawo Baba gaba. Na kama hannun inji, sai na tsaya cak. Me zan huda? Wallahi sai lokacin tambayar ta zo mini. Hauyarmu tsinke gare ta, a ƙota ake soka shi. Gatari haka, wuƙa haka. Duk faɗin Waca babu abin da ke jiran huda. Wata tsohuwa ta ji tausayina ta miƙo ludayinta. Baba ya laluba ƙarƙashin tabarma ya jawo guntun tsohuwar hauya ya ce in gwada da wannan.

Na juya. Ƙafar nan ta sama ta ɗauki gudu, ƙarfe ya fara fitowa a nannaɗe, siriri. Mata suka ɗauki salati. Liman ya ja da baya. Sai ji na yi fut, bakin ya faɗa ta ƙasa. Huda ce zagayayya, sumul, ba ƙuna ba toka. Daɗi ya kama ni.

Baba ya karɓa ya taɓa, ya ji da sanyi. Ya sa ƙaramin yatsa a ciki. Sannan ya kara a idonsa mai ɗan gani, ya yi ta juyawa a hankali yana leƙen mutane ɗaya-ɗaya, har ya tsaya a saitin maƙera. Ƙanena na can, bai zo kallo ba, yana gyara wa wani mutumin Guci lauje.

"Madalla," in ji Baba. "Ta nan na fi gani."

"Me ka gani, Baba?"

"Na ga mai aiki."

A satin nan ya miƙa wa ƙanena uwar maƙera. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na yi wata biyu ina gaida Baba a tsaye. Injin kuwa na huda ludaya da shi, da ƙoƙuna, da duk abin da matata ba ta ɓoye ba. Daga baya ita ma ta ɗaure akuyarta a jiki.

Bayan damina uku Baba ya rasu. Wajen wanka aka ciro wani zare daga wuyansa, ga guntun hauyar nan rataye tare da layunsa, hudar ta yi sheƙi don shafa. Na kai wa Inna ina tambaya. Ta ce ai ba baƙon da zai sauka gidan nan Baba bai zaro shi ya nuna masa ba, yana cewa, "Babban nawa ya huda, ba wuta."

Na ce, "Inna, to me ya hana shi gaya mini?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Cewa ya yi in ka ji, uwar maƙerar za ka huda."