Mai-Fanka da Ƙullin Saman Hasumiya

Shekara talatin da ɗoriya Mai-Fanka ya yi yana gyaran fanka a wani ɗan shago da ke kwanar layinsu, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa a kan tsani. In fankar silin ɗinka ta lalace, kai za ka kwance abinka ka kawo masa, in ya gyara kai za ka mayar. Hujjarsa kullum ɗaya ce: wai babban likita ba ya bin marasa lafiya gida. Mutane suka bar shi a haka, don hannunsa na da kyau. Fankar da ta shekara tana gurnani, in ta kwana biyu a teburinsa, sai ta koma juyawa shiru kamar mai jin kunya.

Gaskiyar magana, tsoron bisa yake yi. Ko kujera ba ya yarda ya taka. Matarsa ta sani, ta rufa masa asiri, ita ke canza ƙwan fitila a gidan tun farkon aurensu.

Abin da ya hana shi sakat shi ne ɗakin mahaifiyarsa. Tsohuwar ta haura tamanin, kuma in rana ta take numfashinta sama-sama yake yi. Fanka uku ya girke mata, amma wutar unguwar sai ta ga dama take leƙowa. Janareto kuwa hayaƙinsa tari yake sa ta. Sai ka shiga ka tarar da uwar mai gyaran fanka zaune tsakiyar fankoki uku tana fifita da guntun kwali. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyaka dai in ya shigo gaishe ta, sai ta juya kwalin wajensa ta ce, "Matso, Auta, ka sha iska." Furfura har a girarsa, amma a bakinta Auta ne.

Wata rana ya ajiye wata matacciyar fanka a ƙofar shago, iska ta taso ta shiga juya ta. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a ransa, in wuta na haifar da iska, ai iska ma ba za ta rasa haifar da wuta ba.

Wata biyu tsakar gidan ya zama juji. Ya yanka bututun roba mai faɗi ya fitar da farfela uku, ya ciro motar da ke juya wani tsohon injin wanki, ya haɗa ta da batir ɗin da zai ba fankar tsohuwar wuta, ya yi mata wutsiya da guntun kwano don ta riƙa fuskantar iska. Matarsa ta rasa inda za ta yi shanya. Da ya gwada abin a ƙasa, ko motsi bai yi ba, katanga ta tare iskar. Amininsa mai walda ya zo ya duba, ya ɗaga kai sama, ya ce sai an yi hasumiya wadda za ta zarce bishiyar maƙwabta. Mai-Fanka ya tambaya ko rabin haka ba zai wadatar ba. Mai walda ya ce iska ba ta san alfarma ba.

Aka haɗa hasumiyar a kwance, da bututun ƙarfe. Mai walda, don nuna zumunci, ya ƙara masa matakala ashirin da biyu a jiki, ya ce kyauta ce, don ya riƙa hawa yana zuba mai. Mai-Fanka ya yi godiya yana ƙirga matakalan da ido.

Ranar ɗagawa, da sassafe maƙwabta suka taru. Kafin a ja, Mai-Fanka ya ɗaure farfela ɗaya da igiya a jikin ƙarfen, kada ta juya ta mari wani. Aka ja, aka yi ta "a hankali, a hankali", hasumiya ta miƙe. Aka ɗaure notuna, aka ɗame wayoyin da ke riƙe da ita ta kusurwa huɗu. Kowa ya kama hanyar wurin aikinsa, mai walda ma ya wuce wani aiki a bayan gari.

Da azahar iska ta taso, ganyen bishiya na ta rawa, farfela ko gezau. Mai-Fanka ya duba batir, ya bi waya, ya fara zargin motar. Matarsa ce ta kare ido da tafin hannu ta kalli sama.

"Maigida, wancan ƙullin, ado ne?"

Mutum goma sha biyu suka ɗaga hasumiyar, kowa na ba da shawara, ba wanda ya tuna da igiya.

Ya gwada doguwar gora da wuƙa a bakinta, ba ta kai ko rabi ba. Ya leƙa layi, babu kowa sai rana. Ya ce a bari sai yamma in mutane sun dawo. Yana rufe baki ya ji tarin tsohuwa daga ɗaki, ya kuma lura ƙarar kwalin ta tsaya, hannun ya gaji. Da ya waiwaya, ya ga matarsa ta ɗaure zani tamau, ta cire takalmi, ta nufi hasumiyar.

Ya ce mata ta matsa.

Matakala biyar na farko da addu'a ya hau su. A ta sha huɗu ya rungume ƙarfen kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya, ya rantse ba gaba ba baya. Nan ya ji muryar da bai zata ba. Tsohuwa ta dogaro sandarta ta fito, ta tsaya a gindin hasumiyar cikin rana.

"Inna, ki koma ciki, don Allah."

"Kai dai kalli ƙarfen da ke gaban hancinka. Kana shekara shida ma haka na sauko da kai daga kan katanga. Ɗaga ƙafar dama."

Ya ɗaga ta dama. Ta ce ta hagu, ya ɗaga ta hagu. Haka ta riƙa ba shi ƙafa ɗaya-ɗaya, tana hutawa tsakani don ta ja numfashi, har hannunsa ya kai ga ƙullin. Da haƙori ya ƙarasa kwance shi, don hannu ɗaya ya ƙi rabuwa da ƙarfe. Ya sauko taku biyu, ya sunkuyar da kai. Farfela ta yi kamar tana shawara, sannan ta fara juyawa a samansa, fuu, fuu.

Can sai matarsa ta fito daga ɗakin tsohuwa da gudu, ta ce fanka ta tashi, labule har yana kaɗawa.

"Inna, kin ji. Shiga ki sha iska."

"Iska ba guduwa za ta yi ba, Auta. Sai ka sauko."

Ya san halinta, in ta kafe ko mota ba ta janye ta. Yanzu duk jinkirin da ya yi, a ranar da ke dukan kanta zai ƙare. Bai jira a ce masa dama ko hagu ba. Ya sauko yana haɗa gumi, ya dira ƙasa gwiwoyinsa na rawa, ya kama hannunta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa sandarta, ta ce ga alama ya fi ta buƙata. Suka shiga ɗakin tare, ya zaunar da ita a gaban fankar, shi kuma ya zube a kan tabarma kusa da ƙafarta.