Fundi Mbwana, Mai Jin Abin da Ke Ƙarƙashin Daɓe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, ina tsakar gida ina kankare kwakwa, maƙwabciyata ta leƙo ta ce Allah Ya yi wa tsohon maginin nan, Fundi Mbwana Hatibu, rasuwa a gidansa da ke Makorora, nan Tanga, bayan jinyar ƙirji ta 'yan kwanaki. Shekarunsa saba'in da huɗu. Na ajiye kwakwar a gefe.

Baba Mbwana, ba ka gina bene ko ɗaya a garin nan ba. Aikinka gyaran abin da wasu suka gina ne: barandar da ta nutse, dakalin da ya rabu da bango, daɓen tsakar gida da ya tsage har ciyawa ta tsiro a ciki. Mutane suna raina irin wannan aiki. Ni ma na raina shi, har ranar da ka shigo gidana.

Shekara tara ke nan. Saura mako uku bikin 'yata Zuhura, maigidana Kitwana ya kira ka don ka toshe wata tsaga da ta ratsa tsakar gidanmu daga bakin madafa zuwa gindin famfo. A wurin nan za a girka manyan tukwanen shinkafar pilau, a wurin kuma mata za su yi rawa. Burinmu a shafe tsagar da siminti kada baƙi su gani.

Ka zo da kekenka da guntun rodi a hannu. Ba ka ko kwance buhun simintin da muka saya ba. Ka cire takalmi, ka riƙa taka daɓen a hankali kana ƙwanƙwasa shi da rodin, kanka a karkace. Ni duk sauti ɗaya nake ji. Da ka iso kusa da famfo sai ka tsaya, ka sake ƙwanƙwasawa sau uku, sannan ka ja da baya.

"Maman Zuhura, janye yaran nan daga nan," ka ce. "Ƙasan wurin nan babu komai."

Kitwana ya yi dariya. "Baba, shekara ashirin muna taka shi. Ka shafe mana kawai, bayan biki ma yi magana."

"To nemi mai shafe-shafe, suna nan da yawa a bakin kasuwa. Ni ban iya kwalliyar amarya ba."

"Haba Baba, ana neman ƙaramin gyara kana neman rushe mana gida?"

"Ɗana, ba ni guduma. In na fasa na tarar da ƙasa, na mayar maka da daɓenka sabo, ka kuma yi ta yi mini dariya har mutuwata."

Sau huɗu ka buga. A na huɗun, wani yanki mai faɗin tire ya ɓalle ya faɗa ciki, sai da muka ɗan jira kafin muka ji ya faɗa cikin ruwa. Kitwana ya zura doguwar gorar da muke shanya da ita, ta shige gaba ɗaya ba ta taɓo ƙasa ba. Ashe tsohuwar rijiya ce da masu gidan na farko suka cike da shara suka daɓe kanta. Bututun famfo ya daɗe yana yoyo a ɓoye, ruwan ya yi ta cin cikon har ya janye shi. Abin da ya rage tsakaninmu da ramin, kankare ne da kaurinsa bai wuce yatsu huɗu ba.

Na zauna a bakin madafa ina tuna mata sittin da muka gayyata, da tukwanen da za su tafasa a daidai wurin, da mahaifiyata da muka shirya ajiye wa kujera kusa da famfo saboda inuwa. Kitwana, mutumin da ba ya rasa amsa, ya cire hularsa ya riƙe, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ka ce masa, "Bar wannan, je ka kashe ruwan."

Kwana goma sha ɗaya ka yi a kan aikin. Ka sauya bututun, ka cike ramin da dutse da tsakuwa hawa-hawa, kowane hawa sai an kirɓe shi ya zauna kafin a ƙara wani, ka shimfiɗa rodi, sannan ka zuba kankare. An yi biki, an yi rawa har ƙafafu suka gaji. Ni kaɗai na san abin da ya sa nake ta kuka ranar, mutane suna zaton na rabuwa da 'ya ne.

Daga baya na riƙa lura da kai a unguwa. Na ga yadda kake liƙa ɗan gilashi a kan tsagar bango da siminti, ka ce za ka dawo bayan wata guda: in ya fashe, ginin yana motsi har yanzu, in bai fashe ba, toshewa ta isa. Na ga ka hana wani malamin makaranta sare bishiyar mangwaron da mahaifinsa ya shuka, ka nuna masa cewa ruwan indararo ne ke cin gindin barandarsa, bishiyar ba ta da laifi. Matakalar masallacinmu da ta karkace har tsofaffi suka daina zuwa jam'i in an yi ruwa, kowa ya ce sai an rushe. Kai ka haƙa ƙarƙashinta, ka ɗaga ta da jak ɗin mota kaɗan-kaɗan, ka cusa mata kankare ta zauna daidai. Ba ka yi makarantar boko ba, amma na ga injiniya mai farar hular kwano ya tsuguna kusa da kai yana tambaya, kana amsa masa kamar hira kuke a bakin shayi. Har yau ban san yadda Allah Ya sa wannan ji a kunnenka ba.

A zaman makoki, 'yarka Mwantumu ta ba mu labarin aikinka na ƙarshe. Wata mata a layinku, Bi Tatu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar, ƙofarta tana da tudun da keken guragu ba ya iya hawa, ta yi shekara ba ta ga titi ba. Ka fasa tudun, ka zuba mata gangare, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ka ce sai an yi kwana bakwai ana ba shi ruwa safe da yamma kafin ya yi ƙarfi. A kwana na biyu ciwo ya kwantar da kai. Mwantumu ta ce da safiyar Laraba, numfashi na yi maka wuya, ka riƙe hannunta ka tambaya, "An ba daɓen Bi Tatu ruwa?" Ta ce an ba shi. Ka ce, "Saura kwana biyu, kada ku bari ya bushe."

Ba a bari ba. Matan layinku ne suka karɓa, kowace da bokitinta, ko ranar da aka kai ka makwanci ba a tsallake ba. Ranar Asabar aka ɗauke buhunan, aka turo Bi Tatu ta gangaro, kuma wuri na farko da ta ce a kai ta shi ne gidanka, ta yi gaisuwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Bi Mwanamkuu, da 'ya'yanka Mwantumu da Sudi da Fatihiya, da jikoki, da dukan mutanen Makorora. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙanka da rahama, Baba Mbwana, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.